Wurin Hutun Wasu, Kurkukun Yohanna

Karatu: Ayyukan Manzanni 21:1-3, Ru'ya ta Yohanna 1:9-20

Wanda yake da Littafi Mai Tsarki kusa, bari ya ɗauko, ya sa yatsa ɗaya a Ayyukan Manzanni sura 21, ɗaya kuma a Ru'ya ta Yohanna sura 1. Waɗanda suke riƙe da fassarar 1979 za su tarar an kira littafin nan na ƙarshe Wahayin Yahaya. Littafi ɗaya ne.

Yau za mu yi doguwar tafiya, ko da shike ba za mu tashi daga inda muke zaune ba. Za mu ƙetare Bahar Rum zuwa waɗansu tsibirai na ƙasar Girka, inda mutane suke kashe kuɗi mai yawa kowace shekara domin su je su huta. Uku daga cikin tsibiran nan sunansu yana cikin Sabon Alkawari, ɗaya kuwa a cikinsu shi ne wurin da aka kai bawan Allah domin a rufe masa baki.

Tsibirai Goma Sha Biyu

A gabashin ƙasar Girka, dab da gaɓar Turkiyya, akwai jerin tsibirai waɗanda Girkawa suke kira Dodekanisa, watau tsibirai goma sha biyu. Sunan ne kawai ya tsaya a kan goma sha biyu. In an ƙidaya, manyan sun kai 15, ƙanana kuwa wajen 150, waɗansunsu duwatsu ne zalla da babu mai kwana a kansu sai tsuntsaye. Babbansu shi ne Rodusa, mai faɗin murabba'in kilomita wajen 1,400. Akwai Kos, da Kalimnos, da Leros, da Simi, da Nisiros, har a kai can arewa inda wani ɗan ƙaramin tsibiri yake, wanda a taswira aka rubuta Patmos, mu kuwa muka san shi a Littafinmu da suna Batmusa.

Sa'anda muke cikin damina a nan, su a can rani ne. Daga watan Mayu zuwa Satumba da ƙyar ake ganin hadari. Rana tana haskakawa, iska mai sanyi tana busowa daga arewa, ruwan teku kuma shuɗi ne garau, har mutum yana tsaye a bakin gaɓa yana ganin tsakuwar da take ƙarƙashi. Ƙauyuka da yawa an shafe gidajensu da farar ƙasa, suna ƙyalli a kan tuddai. A Simi kuwa gidajen masu launi iri iri ne, an jera su hawa bisa hawa daga bakin tashar jirgi har zuwa kan dutse. A Nisiros akwai dutse mai aman wuta wanda ya lafa. Mutum yakan gangara da ƙafa har cikin bakinsa, ya ji ƙasa da zafi a ƙarƙashin takalminsa, ya shaƙi warin farar wuta. Mutanen Kalimnos sun yi suna tun kakanni wajen nutso cikin teku suna ciro soso, yanzu kuma baƙi suna zuwa domin hawan duwatsun tsibirin. A Rodusa akwai wani kwari mai itatuwa da ruwa, inda dubban ƙwari irin malam-buɗe-littafi suke taruwa a watannin Yuli da Agusta, su rufe jikin itatuwa. Ga kifi, ga zaitun, ga inabi da ɓaure da zuma.

Ba abin mamaki ba ne da mutane suke tururuwa zuwa can. A shekarar 2023 baƙin da suka shiga ƙasar Girka sun wuce miliyan 30, watau sun ninka 'yan ƙasar wajen sau uku, Rodusa da Kos kuwa suna cikin wuraren da suka fi karɓar baƙi.

Kada wani ya ce muna zargin masu zuwa hutu. Allah ne ya yi teku da tsibirai, ya duba ya ga suna da kyau. Shi ne kuma ya ba mutum ranar hutu. A Markus sura 6, da almajirai suka komo daga aiki a gajiye, Yesu da kansa ya janye su zuwa wurin da babu kowa domin su ɗan numfasa. Wanda Allah ya ba zarafi ya ga kyakkyawan aikin hannunsa, bari ya gani, ya yi godiya. Amma akwai abin da tsibiran nan suke koyarwa wanda ya fi wanka a teku, shi ne muke so mu ji yau.

Jirgin Bulus a Kos da Rodusa

Wajen shekara ta 57 bayan haihuwar Ubangijinmu, manzo Bulus ya yi sallama da dattawan ikilisiyar Afisa a garin Militas. An yi kuka, gama ya faɗa musu ba za su ƙara ganin fuskarsa ba. Yana sauri ya kai Urushalima kafin Fentikos, yana ɗauke da gudunmawar da ikilisiyoyi suka tara domin matalautan masu bi, ya kuma san sarƙa tana jiransa a can. Luka ya ba mu hanyar jirgin cikin aya ɗaya tak: suka sauka a Kos, kashegari suka kai Rodusa, daga nan suka wuce Batara.

Kos a zamanin nan garin likitoci ne. A can aka haifi Hibokiratis wajen shekara 460 kafin haihuwar Yesu, mutumin da ake kira uban aikin likita, wanda ya koyar cewa cuta tana da dalilinta, a dubi majinyaci da kyau, a rubuta abin da aka gani. Rantsuwar da likitoci suke yi sa'anda suka gama karatu, da sunansa aka san ta har wa yau. A kan wani tudu, kilomita wajen 4 daga gari, akwai babban haikalin Askilefiyas, gunkin warkarwa, wanda alamarsa sanda ce da maciji ya naɗe. Marasa lafiya sukan zo daga nesa su kwana a haikalin, suna jira a nuna musu magani cikin mafarki. Ƙasa ta binne wurin ɗaruruwan shekaru, sai a 1902 aka tono shi. Yanzu baƙi suna hawa matakalansa, suna hangen gaɓar Turkiyya a ƙetare.

Ku tuna wanda ya rubuta ayar nan. Luka likita ne, haka Bulus ya kira shi a Kolosiyawa sura 4. Likita ya sauka a garin da kowane likita zai so ya gani, amma bai ba wurin ko cikakkiyar aya ɗaya ba. Bai raina aikinsa ba, gama babu mai bishara da ya lura da marasa lafiya kamarsa. Amma ya sami Likitan da yake warkar da abin da magani ba ya kaiwa, zuciyarsa kuwa tana kan aikin da ya sa suka shiga jirgi.

Kashegari suka shiga tashar Rodusa. Mutanen Rodusa 'yan kasuwar teku ne masu arziki. A shekara 305 kafin haihuwar Yesu wani sarki ya kewaye birninsu da yaƙi har shekara guda, ya kāsa cinsa, ya tafi ya bar kayan yaƙinsa. Suka sayar da kayan, suka gina wa gunkinsu na rana siffa ta tagulla mai tsawon mita wajen 33, kamar bene mai hawa goma. Shekara 12 aka yi ana aikin. Aka lissafta shi cikin abubuwan al'ajabi bakwai na duniya. Bai cika shekara 60 a tsaye ba, sai girgizar ƙasa ta zo wajen shekara 226, ya karye a gwiwa, ya faɗi. Ba a ƙara tā da shi ba. Wani marubucin Roma ya ba da labari cewa mutane kaɗan ne hannuwansu suke iya kewaye babban yatsansa. Lokacin da jirgin Bulus ya iso, gunkin ya riga ya yi shekara wajen 280 a kwance. Daga baya aka farfasa shi aka sayar da tagullar, yau kuwa ko gutsure ɗaya ba a nuna wa baƙo.

Abin da baƙo yake gani a Rodusa yanzu shi ne tsohon birni mai ganuwar dutse ta kilomita wajen 4. Waɗansu mayaƙa Krista na Turai, masu kiran kansu da sunan Yohanna Mai Baftisma, su ne suka riƙe tsibirin daga 1309, suka ƙarfafa ganuwar, suka gina fāda da babban asibiti wanda yanzu ya zama gidan ajiye kayan tarihi. A 1522 Sarki Sulaiman na Turkiyya ya kewaye su wata shida, suka ba da birnin suka fita. Turkawa suka yi mulki har 1912, sai Italiya ta karɓe. A lokacin yaƙin duniya na biyu Jamus ta shigo, a watan Yuli na 1944 kuma aka kwashe Yahudawan Rodusa da na Kos, mutum wajen 1,700, zuwa sansanin mutuwa. Kaɗan ne ƙwarai suka komo. Sai a 1947 aka sa hannu a yarjejeniyar da ta ba ƙasar Girka tsibiran. Cikin birni ɗaya mutum zai ga majami'a, da masallaci, da wurin sujadar Yahudawa, kowanne yana tuna masa da waɗanda suka zo suka wuce. Hausawa sun ce duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Ganuwar Rodusa shaida ce.

Batmusa

Yanzu bari mu juya arewa. Batmusa ƙaramin wuri ne, murabba'in kilomita 34 kawai, mazaunansa wajen 3,000. Mai tafiya a ƙasa zai ratsa shi daga wannan kai zuwa wancan cikin yini guda. Babu filin jirgin sama, sai dai a shiga jirgin ruwa. Ƙasar duwatsu ce, itatuwa kaɗan, teku kuma ya shiga cikinta ta ko'ina, har a tsakiya saura kaɗan ya raba ta biyu. Jirgi yakan tsaya a tashar da ake kira Sikala. In mutum ya ɗaga kai daga nan, zai ga fararen gidaje a kan tudu, a bisansu kuma wani baƙin gini mai dogayen bangaye kamar kagarar yaƙi.

Ginin nan gidan sufaye ne, watau mutanen da suka bar aure da dukiya domin addu'a. Wani mai suna Kiristodulos, ma'anar sunansa bawan Kristi, shi ne ya kafa shi a 1088 da izinin sarkin da yake mulki a Kustantiniya. An yi bangayen da tsawo haka saboda 'yan fashin teku. A ciki akwai ɗakin littattafai mai ɗaruruwan rubuce-rubucen hannu. Mafi daraja a cikinsu warƙa 33 ne na Bisharar Markus, waɗanda aka rubuta a ƙarni na 6 da ruwan azurfa a kan fatar da aka rina da shunayya. Kowace shekara, ran Alhamis kafin Ista, shugaban gidan yakan fito dandalin gari ya wanke ƙafafun mutum goma sha biyu a gaban jama'a, domin tunawa da abin da Ubangiji ya yi wa almajiransa. A 1999 hukumar UNESCO ta sa gidan da garin da yake kewaye da shi cikin wuraren tarihi na duniya.

A tsakanin tasha da tudun akwai kogo, an gina ɗakin sujada a bakinsa. Mutanen wurin sun gāda daga kakanni cewa a nan Yohanna ya zauna. Sukan nuna wa baƙo wani ɗan rami a jikin dutse inda aka ce yakan sa kansa, da tsaguwa mai rassa uku a rufin kogon inda aka ce murya ta fito. Littafi Mai Tsarki bai ambaci kogo ba. Abin da ya faɗa mana shi ne sunan tsibirin, da dalilin da ya kai Yohanna can, watau maganar Allah da shaidar Yesu.

Romawa suna da wani irin hukunci: wanda suka ga maganarsa tana jan mutane, amma ba su so su kashe shi, sai su kai shi tsibiri su ajiye. Ba a bukatar ƙofa ko kwado, teku ya isa. Iyayen ikilisiya na farko sun shaida cewa wannan ya faru da Yohanna kusa da ƙarshen mulkin Kaisar Domitiyan, wajen shekara ta 95. Sarkin nan yana so a kira shi ubangiji da allah. A Afisa, inda Yohanna yake hidima, an gina haikali domin gidan sarautarsa. Mai bi da ya ƙi ƙona turare a gaban siffar Kaisar yana sa ransa cikin hatsari, a Birgamas ma an riga an kashe wani amintacce mai suna Antibas. A cikin irin wannan lokaci ne aka raba makiyayi da tumakinsa. Tsakanin Batmusa da Afisa kilomita wajen 100 ne kawai. Ranar da sama ta washe, daga kan tudu ana hangen duwatsun da suke wajen gabas. Ku dubi tsoho yana tsaye yana kallon wajen da 'ya'yansa cikin bangaskiya suke shan tsanani, ba shi da ikon zuwa wurinsu. Ruwan nan mai kyau da baƙi suke biyan kuɗi su yi iyo a ciki, shi ne bangon kurkukunsa.

Abin da Batmusa Yake Koya Mana

Abu na fari, Ubangiji ya san inda aka ajiye bawansa. Yohanna ya ce abin ya faru a ranar Ubangiji. Babu taron masu bi, babu mawaƙa, babu mai buga ƙararrawa, maƙwabtansa kuwa masu bautar gumaka ne. Duk da haka bai bar kwanaki su ruɗe masa ba. Ya san ranar, ya keɓe ta, ya ba da kansa ga Ruhu. A nan ne ya ji murya a bayansa, ya juya, ya ga Ubangiji cikin ɗaukakarsa yana tsaye a tsakiyar fitilu bakwai, waɗanda su ne ikilisiyoyi bakwai na ƙasar Asiya. Ku lura da wannan da kyau. Damuwar Yohanna ita ce wa zai lura da garken. Amsar da aka ba shi ita ce Babban Makiyayi yana tsakiyarsu, teku bai raba shi da su ba. Da Yohanna ya faɗi kamar matacce, Ubangiji ya ɗora masa hannun dama, ya kawar masa da tsoro.

Wataƙila wani yana jinmu yau daga nasa Batmusa. Malamin makaranta da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa inda babu majami'a. Mai bishara a ƙauye wanda ya yi watanni babu mai leƙo shi. Gwauruwa wadda 'ya'yanta suka watse neman abinci. Wanda ciwo ya kwantar, har 'yan'uwa sun gaji da zuwa gaisuwa. Wanda tashin hankali ya kora daga gonarsa, yana zaune a ɗakin aro. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, wanda ya sami Yohanna a kan dutse a tsakiyar teku ba zai ɓace hanyar ɗakinku ba. Ku riƙe ranar Ubangiji ko da ku kaɗai ne. Ku buɗe Littafi, ku yi addu'a da murya. Sau da yawa wurin da muke roƙo a fitar da mu, a nan ne Allah ya shirya ya yi mana magana.

Abu na biyu, aikin hannun mutum yana faɗuwa, maganar Allah kuwa tana tsayawa. Domitiyan ya yi tsammani ya gama da Yohanna. A watan Satumba na shekara ta 96 mutanen fādarsa suka kashe shi, majalisar Roma ta ba da umarni a rushe siffofinsa, a kankare sunansa daga jikin gine-gine. Tarihin ikilisiya ya ce bayan wannan Yohanna ya koma Afisa. Da an bar shi a gida tun farko, da wa'azinsa ya tsaya a kunnen mutanen gari ɗaya. Da aka kore shi, sai aka umarce shi ya rubuta. Wasiƙar ta ƙetare ruwa zuwa Afisa, da Simirna, da Birgamas, da Tayatira, da Sardisu, da Filadalfiya, da Lawudikiya. Daga nan aka yi ta kwafarta da hannu, tsara bayan tsara, ana juya ta daga harshe zuwa harshe, har a 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, littafin Batmusa kuwa shi ne ya rufe shi. Gunkin tagulla mai mita 33 ya ɓace sarai. Takardar ɗan sarƙa tana hannunmu.

Saboda haka bari mu tambayi kanmu, a kan me muke zuba ƙarfinmu? Ikilisiyar Lawudikiya tana ganin ta wadata, ba ta bukatar kome, Ubangiji kuwa ya gan ta matalauciya, yana tsaye a waje yana ƙwanƙwasa ƙofarta. Ikilisiyar Simirna ba ta da kome, ana tsananta mata, ita ce kuwa Ubangiji ya kira mawadaciya. Ana iya gina babbar majami'a, a sa mata hasumiya da za a hango daga nesa, amma in ƙauna ta fari ta huce kamar yadda ta huce a Afisa, to, wani gunkin Rodusa ne muke ginawa.

Abu na uku, albarkar littafin nan ba a jikin dutsen kogo take ba. Tafiya mabuɗin ilimi ce, wanda ya sami hanyar ziyartar wuraren da aka ambata cikin Littafi zai ƙaru, muna kuma yi masa murna. Amma yawancinmu ba za mu taɓa taka Batmusa ba, kada kuwa wani ya ɗauka an bar shi a baya. Yesu ya faɗa wa Basamariya a bakin rijiya cewa lokaci yana zuwa da sujada ba za ta rataya a kan wannan dutse ko wancan birni ba. Ku duba aya ta 3 ta surar da muka karanta. An sa albarka a kan mai karantawa, da masu saurara, in sun kiyaye abin da suka ji. Haka ake yi a ikilisiyoyin farko: mutum ɗaya ya tashi ya karanta wasiƙa, sauran su kasa kunne, gama da yawa a cikinsu ba su iya karatu ba. Tsohuwa da take zaune kusa da rediyo a daren nan, wadda ba ta taɓa ganin teku ba, in ta ji ta kuma yi biyayya, rabonta ya fi na wanda ya shiga kogon ya ɗauki hoto ya fito da zuciyarsa yadda ya shiga da ita.

Abu na ƙarshe, bari mu buɗe ido mu ga wanda wurin hutunmu ya zama masa wurin ƙunci. Wannan bai ƙare da zamanin Romawa ba. Tsibirin Leros, maƙwabcin Batmusa, nan ne gwamnatin soja ta Girka ta tsare waɗanda suka yi mata hamayya tsakanin 1967 da 1974. A shekarar 2015 kuma mutane fiye da 800,000, yawancinsu masu gudun yaƙi daga Suriya da Afganistan da Iraƙi, suka ƙetaro daga Turkiyya zuwa tsibiran Girka cikin ƙananan jiragen roba. Tsakanin Kos da gaɓar Turkiyya kilomita kaɗan ne, amma da yawa ba su kai ba. A watan Satumba na shekarar duniya ta ga hoton wani yaro ɗan shekara uku wanda ruwa ya turo gawarsa bakin gaɓa. Kos iyayensa suka nufa. A rairayin da baƙi suke shimfiɗa tawul da rana, a nan waɗansu suke fitowa daga ruwa da asuba, a jiƙe, ba su da kome sai 'ya'yan da suke rungume da su. Akwai masunta da matan gida na tsibiran da suka fito da bargo da burodi, ba su tambayi addinin kowa ba.

Mu ma akwai irinsu a ƙofarmu. Sa'anda Yohanna ya gabatar da kansa ga ikilisiyoyi, bai jera muƙamansa ba. Ya kira kansa ɗan'uwansu, wanda wahalar da suke sha shi ma yana shanta. In Allah ya ba mu kwanciyar rai a wannan lokaci, bari mu nemi wanda yake Batmusa a unguwarmu. Mu kai masa kwanon abinci. Mu zauna da shi ran Lahadi da yamma, mu karanta masa sura ɗaya. Wanda aka manta da shi, takun ƙafar mai zuwa gaisuwa ma wa'azi ne a gare shi.

Kusa da ƙarshen littafin, a sura 21, an nuna wa Yohanna sabuwar sama da sabuwar ƙasa, sai ya lura da wani abu ya rubuta: teku ba ya cikinsu. Mai zuwa hutu zai yi mamakin wannan. Amma wanda ruwa ya raba da 'yan'uwansa ya gane, uwar da ruwa ya cinye ɗanta ita ma ta gane. Rana tana zuwa da babu sauran abin da zai shiga tsakanin Allah da mutanensa, ko tsakanin mai bi da ɗan'uwansa, Allah da kansa kuma zai share hawaye. Wannan bege na waɗanda suka ba da gaskiya ga Ɗan Ragon ne. Mai sauraro, in ba ka riga ka buɗe masa ƙofar zuciyarka ba, yana ƙwanƙwasawa yau. Kada ka ce sai gobe.

Bari mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na sama, muna yi maka godiya domin kyakkyawar duniya da ka halitta, da teku da tsibirai da dukan abin da yake cikinsu. Muna gode maka domin bawanka Yohanna, wanda ya tsaya da aminci sa'anda aka kore shi. Ka tuna da 'ya'yanka da suke zaune cikin kaɗaici, da marasa lafiya, da waɗanda aka raba da gidajensu, da masu ƙetare ruwa suna neman mafaka. Ka ɗora musu hannunka, ka kawar musu da tsoro. Ka tsare mu daga dogara ga abin da zai faɗi. Ka ba mu kunnen ji, da zuciyar yin biyayya, da ƙafafun zuwa wurin ɗan'uwa mai bukata. Mun roƙa cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.

Kafin mu sake saduwa, ku karanta Ru'ya ta Yohanna sura 2 da sura 3 tare da iyalinku, wasiƙa ɗaya kowace rana. Bakwai ne, sun isa mako guda. Alherin Ubangijinmu Yesu Kristi ya zauna tare da ku duka. Mu kwana lafiya.